Madannin Kiran Aboki

Na fara ganinsu a jikin takardar tsire,
a Yelwa ta Garwa, bakin titin kwalta.
Mai nama ya sayo littattafan zane a kilo,
yana yage su shafi-shafi yana ƙunshe wa jama'a.
Ni da Hamajoda mu bi sawun masu ci,
mu tsinci jarumai da yaji a fuska,
maiƙo ya ratsa alkyabbar wani har ana hango rana.

Faransancin da ke fita bakinsu ya fi ƙarfinmu.
Shafi na tara na hannunmu,
na goma ya tafi Pitowa a aljihun direban tirela.
Sai mu cike giɓin da ƙarya mai daɗi:
mai tashi saman nan kawun wancan ne,
gonar gado ce ta haɗa su.
Mai ƙaton ƙirjin ba mugu ba ne,
bashi yake bi.

Ran nan Lawandi ya sauko daga Duwala da akwati,
ya jona shi da talabijin mai ƙusumbi,
ya rubuta da gawayi: dala goma, zagaye ɗaya.
Gilashi ya haska, muka yi tsuru-tsuru.
Ga mutanen takardar tsire sun miƙe tsaye,
an wanke musu maiƙo, an ba su murya,
suna gaisawa da naushi da wasu baƙi,
'yan dambe da masu takobi na wata duniya
da ba su taɓa kwana littafi ɗaya da su ba.

Hamajoda ya ce, wa ya buga musu biza?

Ka zaɓi uku, in zaɓi uku.
Akwati bai tambayi kowa garinsu ba,
haka ma bencin Lawandi:
Bafillace, Bahaushe, ɗan Fali daga kan dutse,
da yaron Mundu mai zagi da Larabcin Cadi
in an kayar masa da gwani.
Zafin Afrilu na dafa kwanon rumfa,
gumi na sa yatsa santsi,
ba mai tashi.

Akwai madanni ɗaya da ya ƙoƙe don dannawa.
In jan layin ranka ya kusa ƙarewa,
ka taɓa shi, abokinka ya faɗo
daga gefen da ido ba ya gani,
ya karɓi dukan,
kai ka ja baya ka sha iska.
Shi na fi so. Hamajoda ya ce na ragwaye ne.

Sau nawa wuta ta ɗauke ana tsakar gumurzu?
Mu tsine wa ruwan Lagdo da ya ja baya,
mu ƙarasa faɗan da baki cikin duhu.
Har yau yana bina dala goma,
ko ni nake binsa. Ba a yanke ba.

Ya tafi Kuseri da babur na haya,
yana tsallaka gada da sukari da fasinja.
Shekara biyu yana kira. Ta uku, shekarar ambaliya,
wata murya ce ke cewa layin ba ya shiga.

Yanzu ɗinki nake, kusa da kasuwar kifi.
Ɗana Jibrilla na da labarin duka a waya,
daga shafin farko har wanda ya tafi Pitowa.
Ya ce, Baba, ba kawunsa ba ne fa.
Na ce, na ji. Bar ni da nawa.

Tsire ma a takardar siminti ake ƙunshe shi.
Amma ran jajibirin salla, in aiki ya danne ni,
ido ya yi ja, baya ya ƙage,
sai in tarar da babban yatsana
yana danna gefen keken ɗinki,
ni kuwa ina kallon ƙofa.